Yadda ake sa wa wayar yaro linzami kafin a miƙa masa ita

Yawancin iyaye sai sun ga abin da ba sa so a wayar yaro sannan suke neman yadda za a toshe. A lokacin kuwa aiki ya riga ya ninka, domin yaron ya saba da sakewa, duk abin da aka rage masa zai ɗauke shi horo ne. Ranar da ta fi dacewa ita ce ranar da aka sayo wayar, tun tana cikin kwalinta. Idan kuma ta daɗe a hannunsa, har yanzu ana iya gyarawa, sai dai a haɗa da lallashi. Duk abin da zan bayyana kyauta ne, ɗan data kawai zai ci, da zama na awa ɗaya ko biyu. Na fi mayar da hankali ga Android, tunda Tecno da Infinix da Itel da Samsung su ne a hannun yaranmu. Sunayen wuraren dannawa na bar su yadda suke fitowa a waya, kuma sukan ɗan bambanta daga wannan ƙira zuwa waccan.

Sharaɗi ɗaya kafin a fara: a yi komai yaron na zaune yana gani. Wanda aka yi wa a ɓoye, ranar da ya gano zai nemi wayar aboki, kuma daga nan kun daina sanin komai.

Mataki na farko: wayar da ake ara masa

A gidaje da yawa yaro ba shi da wayarsa. Ta Umma yake ɗauka tana kicin, ko ta Abba bayan isha'i. Wannan ita ce wayar da aka fi mantawa da ita, alhali tana ɗauke da manhajar banki, da hotunan gida, da guruf-guruf na manya.

Ku shiga Settings, ku nemi Security, ku kunna abin da ake kira App pinning ko Screen pinning. A ƙarƙashinsa akwai zaɓin neman lambar sirri kafin a cire, shi ma ku kunna. Daga nan, duk sanda za ku ba yaro waya, ku buɗe manhajar da kuka yarda ya yi amfani da ita, ku danna maɓallin da ke nuna manhajojin da aka buɗe kwanan nan, ku taɓa tambarinta a sama, ku zaɓi Pin. Ba zai iya fita daga cikinta ba sai da lambarku. A iPhone sunan abin Guided Access, yana cikin Accessibility, ana kunna shi da danna maɓallin gefe sau uku.

Sannan ku canza lambar buɗe wayar idan yaran sun san ta, kuma kada ta zama ɗaya da lambar tura kuɗi. Ga 'yan ƙanana sosai, shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ita ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban allo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Na san uwa mai goyo da girki da wanki ba kullum za ta iya ba. Ko rabin hakan aka kiyaye an rage.

Mataki na biyu: asusun Google da shekarun gaskiya

Nan ne tushen komai, kuma nan aka fi yin kuskure. An sayi waya a kasuwa, mai shago ya ce, "Alhaji, in buɗe masa imel ɗin nan take?" Ya buga suna, ya sa shekarar haihuwa ta babban mutum don ya gama da wuri. Daga wannan lokacin Google da YouTube duk suna ɗaukar ɗan shekara 11 a matsayin magidanci, suna kawo masa abin da suke kawo wa magidanta. Ku ce masa a'a, za ku yi a gida.

A wayarku ku sauke Family Link, manhajar Google ta sa ido a kan wayar yara, daga Play Store. Ko iPhone kuke riƙe da ita tana aiki. Ku shiga da asusunku, ku zaɓi ƙara yaro. Idan bai kai shekara 13 ba, ku ne za ku buɗe masa asusu daga nan: sunansa, ranar haihuwarsa ta gaskiya, adireshin imel, da kalmar sirri. Idan ya riga yana da asusu, za a iya ɗora sa ido a kansa, amma sai an gyara ranar haihuwar in ƙarya aka sa, kuma sai ya shigar da kalmar sirrinsa ya amince.

A wayar yaron, idan sabuwa ce, ku shiga da asusun nasa tun a kunnawar farko, za ta nemi uba ko uwa su tabbatar. Idan tsohuwa ce, ku kwashe hotuna da lambobi, ku mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, ku fara daga farko. Ya fi tsabta nesa ba kusa ba. Wanda ba ya son gogewa zai iya bi ta Settings, Google, Parental controls, amma dole a cire duk wani asusun da ke kan wayar.

Mataki na uku: abin da za a saita a Family Link

Ku fara da Google Play. Ku zaɓi cewa duk manhajar da za a sauke sai an nemi izininku, har da ta kyauta. Saƙo zai riƙa shigo muku, ku duba, ku amince ko ku ƙi. Makon farko za a dame ku da roƙo, daga baya ya lafa. A nan ne ake tare manhajojin caca, da na bashi, da na hira da baƙi ta bidiyo, waɗanda a ganina su ne mafi muni a cikin duka.

Sai Chrome da binciken Google. Ku kunna SafeSearch ta yadda za ta tace, ku zaɓi toshe shafukan batsa. Ga yaron firamare akwai zaɓi mafi tsauri, inda shafukan da kuka lissafa kaɗai za su buɗe.

Sai lokaci. Akwai iyakar awanni a rana, ana iya bambanta ranakun makaranta da na hutu. Akwai kuma lokacin barci, inda wayar ke kulle kanta, misali daga ƙarfe 9 na dare zuwa bayan asuba. In da za a ce in zaɓi saiti ɗaya tak in bar sauran, wannan zan zaɓa. Yawancin abin da ke lalata yaro a waya tsakar dare yake faruwa, cikin bargo, gida ya yi tsit. Ko wayar ta kulle, yana iya amsa kira da kiran gaggawa, don haka kada tsoron rasa shi ya hana ku. Manhajar Alƙur'ani ko ta darasi kuna iya cire ta daga cikin ƙidayar lokaci.

Abu biyu da ya kamata ku sani. Na ɗaya, idan kun canza saiti daga wayarku, ba zai kama ba sai wayar yaron ta hau intanet, amma wanda aka riga aka sa yana ci gaba da aiki ko babu data. Akwai kuma lambar iyaye da manhajar ke bayarwa, wadda za ku buɗe wayarsa da ita in babu sabis. Na biyu, Family Link ba ta nuna muku saƙonninsa ko abin da yake kallo a cikin WhatsApp. Tana nuna manhajar da ya buɗe da tsawon lokacin da ya yi a ciki, da inda wayar take idan kun kunna wannan. Kada ku ɗauka kun ga komai.

Masu iPhone, duk wannan yana cikin Screen Time: ku sa lambar sirri mai lamba huɗu da yaron bai sani ba, ku kunna Content & Privacy Restrictions, ku haɗa shi da Family Sharing.

Mataki na huɗu: ƙofofin baya

A nan ya kamata ku fi daɗewa, domin yaranmu ba ta Play Store kaɗai suke samun kaya ba.

Wayoyin Tecno da Infinix da Itel sukan zo da nasu shagon manhajoji, Palm Store, da burauza irin su Phoenix ko Opera Mini. Tacewar da kuka sa wa Chrome ba ta shafi sauran burauzoji ba. Ku buɗe jerin manhajojin wayar a Family Link, ku toshe duk wata burauza in ba Chrome ba, ku toshe duk wani shago in ba Play Store ba. Wadda ta ƙi toshuwa ku je Settings, Apps, ku gwada Disable.

Sai Xender da ire-irenta. A filin ƙwallo ko bayan an tashi daga islamiyya, cikin minti ɗaya aboki zai tura masa manhaja ko fim ba tare da data ba. A saitin na'ura cikin Family Link ku tabbata an hana sa manhaja daga wajen Play Store, an hana ƙara wani mai amfani da wayar, an kuma kashe Developer options. Wannan zai hana manhajar da aka turo ta zauna. Bidiyo da hoto kuwa babu saitin da ke hana su shigowa ta Bluetooth ko memori, sai dai ido. Lokaci zuwa lokaci ku zauna tare ku buɗe File Manager ku duba. Manhajar lissafi guda biyu a waya ɗaya abin tambaya ne, domin akwai masu ɓoye hotuna da ke yin shigar kalkuleta.

Sai VPN, wato manhajar da ke bi da waya ta wata hanya don buɗe shafukan da aka toshe. Matasa da yawa a Nijeriya sun koye ta ne lokacin da gwamnati ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kuma ƙannensu sun gada. VPN tana tsallake yawancin tacewa, don haka duk manhajar da ke da wannan suna a wayar yaro kada ku amince da ita. Idan kun ga ɗan hoton makulli a saman allo, tana kunne.

Na ƙarshe, filashin. Yaro mai wayo zai iya kai waya wurin mai gyara a goge komai. Alamarsa ita ce wayar ta daina bayyana a Family Link ɗinku kwana da kwanaki. Ku gaya masa tun farko cewa kuna ganin hakan.

Mataki na biyar: tacewa daga tushe

Wannan ɗan saiti ne na minti biyu da mutane kaɗan suka sani. A Android 9 zuwa sama, ku shiga Settings, sashen Network ko Connections, ku nemi Private DNS, ku zaɓi wurin rubuta suna, ku rubuta family.cloudflare-dns.com, ku adana. Wannan hidima ce ta kyauta da kamfanin Cloudflare ya fito da ita a 2020, tana hana shafukan batsa da na ƙwayar cutar waya buɗewa a yawancin burauzoji, ko da data ake ko da Wi-Fi. Idan kuna da MiFi ko rauta a gida, ku shiga saitinta ku sa 1.1.1.3 da 1.0.0.3 a wurin DNS, sai duk wayar da ta hau ta samu kariyar. Yaron da ya san wurin zai iya cirewa a wayarsa, don haka ku riƙa leƙawa.

Mataki na shida: YouTube, TikTok da WhatsApp

Ga ƙanana, ku toshe YouTube ku sa YouTube Kids. Tana da rukunin shekaru uku: 4 zuwa ƙasa, 5 zuwa 8, 9 zuwa 12. Mafi aminci shi ne zaɓin da ku da kanku kuke tantance tashoshin da zai kalla, ku kashe bincike. Ga manya kaɗan, Family Link tana ba da YouTube ta gama-gari amma mai iyaka.

TikTok a ƙa'idarta ba ta yarda da wanda bai kai 13 ba, kuma ni da zan ba da shawara sai in ce a ƙara jinkirtawa. Idan an riga an buɗe, ku shiga Settings and privacy a wayarku, ku zaɓi Family Pairing, ku ce ku iyaye ne, lambar hoto za ta fito, yaron ya ɗauke ta da wayarsa. Daga nan kuna iya sa iyakar lokaci, ku taƙaita bincike da saƙonni. Ita kanta TikTok tana rufe saƙon sirri ga 'yan ƙasa da 16, tana kuma sa wa 'yan ƙasa da 18 iyakar minti 60 a rana, amma duk wannan sai in shekarun gaskiya aka rubuta.

WhatsApp kuwa ku karɓi wayar ku shiga Privacy. Hoton fuska da status ku mayar da su ga lambobin da ya adana kaɗai. Haka ma Groups, don kada baƙo ya jefa shi guruf bai sani ba. Ku kunna Silence unknown callers. A sashen Storage and data ku kashe saukar hoto da bidiyo kai tsaye. Ku kuma duba guruf ɗin da yake ciki tare da shi. Na littattafan karantawa musamman, domin a tsakanin labaran soyayya na yau da kullum akwai waɗanda batsa ce zalla.

Mataki na bakwai: abin da yake fitarwa

Duk saitin da ke sama yana tare abin da ke shigowa ne. Abin da yaro ke rubutawa ko ɗauka ya watsa, babu manhajar da ke tarewa, kuma shi ne ke kai iyali ofishin 'yan sanda. Ku tuna layin da ke wayarsa galibi da lambar NIN ta uba ko uwa aka yi masa rajista. Idan aka bi sawu, ƙofarku za a fara ƙwanƙwasawa.

Ba na goyon bayan a tsorata yaro har ya zama ba ya iya faɗin ra'ayinsa. Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin baki, kuma kotun ECOWAS ta yanke a 2022 cewa rufe Twitter ya saɓa wa doka. Yaron da ya ga an bar makarantarsu babu rufi, yana da haƙƙin ya faɗa. Amma ya san ƙasar da yake ciki. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara 3 ko tarar da ta kai naira miliyan 7, kuma an sha kama mutane da shi kan rubutu. An yi wa sashen gyara a 2024 aka taƙaita shi, amma dokokin ɓata suna na nan. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu 'yan TikTok bulala 20 kowanne, da tara, da sharar harabar kotu ta kwana 30, kan bidiyon da suka yi wa gwamnan lokacin. A wannan Nuwamban dai aka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse kan rubutun da ya yi game da matar shugaban ƙasa na lokacin, sai da jama'a suka yi ca kafin a janye ƙarar. A Nijar ma an dawo da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi ta intanet a 2024.

Ku koya masa ya raba abu uku: faɗin abin da ya gani da idonsa, faɗin ra'ayinsa a kai, da kuma jingina wa mutum laifin da ba shi da hujja. Biyun farko nasa ne. Na ukun shi ne matsala, ko shi ya ƙirƙira ko turawa kawai ya yi. Maganar addini da ƙabila kuwa, a yanayinmu, ba kotu kaɗai ake tsoro ba. Hoton gawa, da bidiyon faɗan 'yan aji, da muryar malami da aka naɗa a ɓoye, ya bar su inda ya gan su.

Mataki na takwas: kayan mutane

Wannan iyaye ba su cika ɗaukarsa da muhimmanci ba, wataƙila don mu ma muna yi. Fim ɗin Kannywood da aka tura a memori a shagon masu turi, ko aka sauke a Telegram, wani ne ya ci bashi ya shirya shi. Satar fasaha na cikin abin da ya durƙusar da kasuwar faifai har masu shirya fim suka koma sakin shiri mai dogon zango a YouTube. Marubuciyar da ke sayar da littafinta ta WhatsApp tana rubuta "na kuɗi ne, kada a fitar" a kowane shafi, washegari ta gan shi a guruf goma. Haƙƙi ne, kuma yaron da aka koya wa kada ya taɓa kayan maƙwabci zai fahimta idan aka bayyana masa.

Akwai kuma doka. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a Maris ɗin 2023, ta shigo da abin da ake ɗorawa a intanet, ta ba mai kaya damar neman a sauke shi. Idan ɗanku yana da burin buɗe tasha a YouTube, ya sani gargaɗin haƙƙin mallaka uku a cikin kwana 90 na iya rufe tashar da duk abin da ke cikinta. Rubuta "ba nawa ba ne" a ƙarƙashin bidiyo ba ya kare kowa. Ya kalli fim a tashar masu shi, ya tura adireshin a maimakon ya sauke ya sake ɗorawa, ya ɗauki sauti daga rumbun kyauta da YouTube ta tanada. Shafukan sauke fim na sata kuma su ne matattarar tallar batsa da manhajojin da ke kwashe bayanan waya, don haka hana su riba biyu ce.

Mataki na tara: idan abu ya riga ya faru

Ku faɗa masa yau, tun babu komai: "Duk wanda ya turo maka abin banza, ko ya nemi hotonka, ko ya yi maka barazana, ka zo ka gaya mini. Ba zan ƙwace wayar ba, ba zan dake ka ba." Sannan ku cika alkawarin. Masu yaudarar yara su karɓi hoton tsiraici su nemi kuɗi da tsoron iyaye suke cin abinci. Ba ƙaramin abu ba ne: a Yulin 2024 kamfanin Meta ya sanar da rufe asusun Instagram kusan 63,000 a Nijeriya masu alaƙa da wannan sana'a.

Idan ya faru, kada a biya ko sisi, domin wanda aka biya dawowa yake yi. Kada a goge hirar. Ku ɗauki hoton saƙonnin da sunan asusun da lambar bankin da aka turo, sannan ku kai ƙara a cikin manhajar, ku toshe shi. Ku kai shaidar ga 'yan sanda, suna da cibiyar yaƙi da laifukan intanet. Ga wanda bai kai 18 ba akwai hidimar kyauta mai suna Take It Down, wadda ke taimakawa a cire irin wannan hoton daga Facebook da Instagram da TikTok ba tare da hoton ya bar wayar ba.

Duk ƙarshen zangon karatu ku sake zama ku duba saitin tare. Ku buɗe rahoton lokaci a Family Link, ku bar shi ya fara bayani. Abin da ya dace da ɗan aji huɗu na firamare ya yi wa ɗan SS2 ƙunci, don haka wanda ya riƙe amana a ƙara masa rabin awa, a buɗe masa wata manhajar, a gaya masa dalili. Idan ya kusa cika 13, Google za ta turo saƙo game da makomar sa idon. Kada ku bari ya gan shi shi kaɗai, ku karanta tare ku yanke abin da za a sassauta da abin da zai zauna. Kulle dare dai ku bar shi har ya gama sakandare, cajar wayar kuma ta riƙa kwana a ɗakinku.